Ƙawata 'yar Chana nas ce, IELTS ta kayar da ita sau uku, ta koma OET ne ko ta sake gwadawa?

Ummu_Aiman:

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah ma'aikatan asibiti da ke zauren nan, musamman waɗanda suka yi karatu a Chana ko suke aiki a Ingila ko Ostireliya, shawara nake nema. Matsalar ba tawa bace amma wlh ta tsaya min a rai kamar tawa.

Ni ina Nanjing ina digiri na biyu, shekara ta biyu kenan. Ina da wata ƙawa 'yar garin nan, nas ce a ɓangaren masu ciwon zuciya, shekararta shida tana aiki. Mun haɗu ne farkon zuwana lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a asibitinsu, duk cikin ma'aikatan ita kaɗai ta yi ƙarfin halin yi min turanci, tana ɗaura min ƙarin ruwa tana tsinto kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, daga nan zumunci ya ƙullu har gidansu ina zuwa, mamarta ma sai da ta sayo sabuwar tukunya musamman domina da ta ji bana cin alade. To kunga irin wannan in ta zo maka da kuka ba ka ce mata Allah ya kyauta kawai ka juya ba.

Burinta ta fita waje aiki, wani lokaci ta ce Ingila wani lokaci ta ce Ostireliya. Ta zauna jarabawar turanci ta IELTS sau uku. A karatu tana cin 7.5 har 8 ta taɓa ci, sauraro 7, rubutu 6, amma magana ta maƙale tsakanin 5.5 da 6 ta ƙi gaba. Kowane zama kusan yuan dubu biyu ne, ga kuɗin lesin da take biya, ga aikin dare, tana saukowa daga aiki ta hau haddar kalmomi a waya cikin jirgin ƙasa. Shekaranjiya sakamako na uku ya fito ta zo ɗakina ta zauna a ƙasa ta ce min ita kam ta gasu har ta ƙone. Ashe su a nan IELTS Yasi suke ce mata, kuma "ya" ɗin ya yi kama da sunan agwagwa a yarensu, sai suke kiran masu rubuta ta kaoya, wato gasasshiyar agwagwa. Na yi dariya amma ita hawaye take.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yarinyar nan ta san kalmomin da ni ban ma taɓa jinsu ba, in ta rubuto min saƙo a WeChat tsaf ba kuskure, ta ci CET-6, jarabawar turanci ta ɗaliban jami'o'in Chana, tun tana jami'a, amma ka tsaya gabanta ka ce me kika ci da safe sai ta daskare tana kallon silin.

Tambayoyina: wai OET, jarabawar turanci ta ma'aikatan lafiya, ta fi sauƙi da gaske kamar yadda suke ta yaɗawa a dandalinsu na sada zumunta Xiaohongshu? CET ɗinta da wata METS da ta ce ta ma'aikatan lafiya ce za su mata wani amfani? Sannan tana so in riƙa yi mata atisayen magana amma ni tsoro nake kar in lalata mata harshe da turancina na Kano in ja mata faɗuwa ta huɗu.

Likitan_Liaoning:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayar tun safe ina bakin aiki sai yanzu na samu zama. Ni a Shenyang na yi karatun likita, na sha sanyin Liaoning har na gode Allah, yanzu kuma ina aiki a arewacin Ingila, to duka ɓangarorin na ɗan taɓa.

Bari in fara da mai gajeriyar amsa. CET-6 da METS duk na cikin gida ne, hukumomin rijistar ma'aikatan lafiya na Ingila da Ostireliya ba sa karɓarsu, ta ajiye su a durowa. Amma ki kalli yadda CET ɗin take za ki gane inda ciwon ƙawarki ya samo asali. Ana lissafinta kan maki 710, wanda ya kai 425 ake ganin ya haye, kuma magana ba ta cikin wannan makin sam, jarabawar baki daban ake yinta kuma ba kowa ke zama ba. Kafin nan ga Gaokao ta shiga jami'a, a yawancin larduna turanci na da maki 150 cikin 750, nan ma kusan duk biro da takarda ne. To yaro ya yi sama da shekara goma yana turanci da ido da hannu, baki na hutawa. Su da kansu sun sa wa abin suna, yaba yingyu, turancin bebe. Ba ni na faɗa ba, su suka faɗa.

Na biyu, su likitanci da jinya da yarensu suke karantawa tun daga tushe. Mu da aka koyar da turanci mun haddace sunayen cututtuka na Latin da Girka, su kuwa babu ruwansu, sunan cuta a wajensu bayani ne kai tsaye irin namu na Hausa. Tangniaobing in kika warware shi ciwon fitsari mai suga ne, gaoxueya kuma hawan jini ne sak. Shi ya sa za ki ga babban likitan tiyata wanda ya fi ƙarfin a gwada shi a aiki, yana karanta mujallun turanci ma, amma bai taɓa jin yadda ake furta sunan aikin da yake yi kullum ba.

Sai kuma abubuwan da yaren nasu ke jawowa. Ba zan manta ba muna aji biyar wata malama tana gabatar mana da mara lafiya a ɓangaren haihuwa ta ce "he is thirty two weeks pregnant", duk aji muka sunkuyar da kai muna cije leɓe. Ba jahilci bane, a bakinsu shi da ita duk "ta" ne, sai a rubuce ne suke bambanta. A aji abin dariya ne, amma ki ɗauka ana miƙa aiki ƙarfe bakwai na safe ana maganar mara lafiya da matarsa da ke jinyarsa, wa ke da ciwon suga, wa penisilin ba ya karɓa? Wanda ya fi wannan haɗari shi ne lokaci. Kalmar aiki a Sinanci ba ta canza siffa ko jiya ne ko gobe, to sai nas ta ce "I give the injection", an yi allurar ne ko za a yi? In kika ɗauka ba a yi ba kika ƙara, an yi sau biyu kenan. Wannan shi masu jarabawar ke farauta, ba wai suna son ta yi magana kamar 'yar BBC ba.

Yanzu lissafi. Ta fara tsayar da ƙasa ɗaya, wannan yau Ingila gobe Ostireliya ɗin shi ma yana cin kuɗi. In Ingila ce, hukumar nas-nas wato NMC jarabawa biyu take karɓa, IELTS ta Academic ko OET. A IELTS ana son 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, jimla 7. A OET kuma B a ukun nan, C+ a rubutu. B daga maki 350 yake farawa cikin 500, C+ daga 300. Mu likitoci hukumarmu wato GMC ta fi matse mu, 7.5 jimla kuma kar ko ɗaya ya gaza 7, ko B a duka huɗun. 

NMC ta yarda a haɗa sakamakon zama biyu cikin wata 12, amma da sharaɗi, dole jarabawa iri ɗaya ce, ba a haɗa rabin IELTS da rabin OET, kuma kar wani ɓangare ya yi ƙasa da abin da ake nema da fiye da rabin maki. Kinga 6 ɗinta a magana ma bai shiga wannan rangwamen ba. Kafin ta biya ko kwabo ta leƙa shafin hukumar da kanta don suna taɓa dokokin nan lokaci zuwa lokaci, kar ta dogara da bidiyon masu tallan lesin.

A ra'ayina ta koma OET, amma ba wata mai zuwa ba. Tsakanin 6 da 7 a magana tafiya ce mai nisa, canza sunan jarabawa ba zai cike ta ba.

Anti_Nas_UK:

Dakta ya gama magana, ni dai bari in ƙara da abin da na gani da idona don ni OET ɗin ce ta fitar da ni. IELTS sau biyu na yi, duka biyun 6.5 a rubutu, lokacin kuma 7 ake nema ba a sassauta ba tukuna sai ƙarshen 2018, rabin makin nan ya sa ni kuka a gaban yarana. NMC ta fara karɓar OET a Nuwamba 2017, shekarar da ta biyo na zauna na haye.

'Yata ki gaya wa ƙawarki ba sauƙi ta fi ba, gida ta fi kama. A IELTS za a miƙo miki kati a ce ki yi minti biyu kina bayanin wata kyauta da aka taɓa ba ki, ko a ce ki rubuta kalma 250 kan ko ya dace gwamnati ta kashe kuɗi a gidan tarihi, ni da na shekara goma sha ina wanke ciwo me na sani a kan gidan tarihi. A OET kuwa za a ba ki bayanan mara lafiya irin na fayil, minti 45, biyar na farko karatu kawai ba a taɓa biro, sai ki rubuta wasiƙa mai kalma 180 zuwa 200 zuwa ga nas ɗin unguwa ko gidan kula da tsofaffi ko wani likita. Tarkon shi ne bayanan sun fi abin da ake buƙata yawa da gangan. Mutumin da za a sallama bayan aikin ƙugu, mai karɓarsa na son sanin magungunansa da ranar cire ɗinki da ko yana iya taka bene, ba ruwanta da cewa an cire masa ƙaba shekara ashirin da suka wuce. Masu ƙwazon hadda su suka fi faɗawa ramin nan don gani suke barin abu asara ne, sai su kwashe komai su zuba. Kuma 'yan Chana akwai son haddace samfurin wasiƙa, masu makin sun san samfurin nan kamar yunwar cikinsu.

Magana kuma wasan kwaikwayo ne guda biyu, kowanne a ba ki minti uku ki duba katin sai ki yi kamar minti biyar, ke ce nas, wanda ke gabanki shi ne mara lafiya ko ɗan uwansa. Shi ba shi ke ba da maki ba, naɗar muryar ake a tura wa masu dubawa. Kuma ba nahawu kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda kika tafi da mutum, kin gaishe shi, kin tambaye shi me ke damunsa a rai, kin bar shi ya gama magana, kin fassara masa kalmar likita zuwa ta kasuwa, kin tabbatar ya gane. Nan ne nake ganin ƙawarki za ta sha aiki. Akwai wata 'yar Chana da muka yi aiki tare, hannunta a neman jijiya ban ga kamarsa ba, ko jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira, amma farkon zuwanta har ƙorafi aka kai a kanta wai ba ta da fara'a, magana take kamar soja, zauna, miƙo hannu, sha wannan. Da muka saba ta ce min a asibitin da ta baro layin marasa lafiya ba ya ba ka damar tambayar mutum ya ya kwana, kuma in cuta mai tsanani ce sau da yawa dangi ake fara gaya wa su su yanke ko za a sanar da shi. Na ce mata ai mu ma a gida haka muke. Amma nan mara lafiya shi ke da labarin jikinsa, ko matarsa ba kya gaya wa sai da izininsa, kuma irin wannan yana fitowa a katin jarabawa.

Kar kuma ta raina karatu da sauraron don tana cin su a IELTS. Kashin farko na karatu tambaya 20 ne cikin minti 15, gudu ake. Sauraro sau ɗaya ake kunnawa kina ji kina cike gurbi, muryoyi kala-kala. Kuɗin ma ya fi, dalar Ostireliya 587.

Batun turancin Kano kuwa ki cire wannan tsoron. Ni da har gobe "p" da "f" ɗina ke rikicewa in na gaji na ci B. Ba a rage maki don karin harshe sai in ya hana a gane ki. Abin da za ki sa wa kunne a bakinta: ƙarshen kalma da suke haɗiyewa, bambancin fifteen da fifty don wannan a magani kisa ne, sai he da she da Dakta ya faɗa. Ke ki zama mara lafiya kawai, mai gardama, mai tsoro, mai surutu, ki naɗa a waya ku saurara tare. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Kuma ta sani bayan turancin akwai CBT ta ilimin jinya a kwamfuta akwai OSCE ta gwada aiki a aikace, sakamakon turancin kuma shekara biyu yake yi ya mutu, ɗaukar ma'aikata daga waje ma ya ja baya yanzu ba kamar shekarun bayan korona ba, to ta lissafa lokacinta. In ta iso ma wani sabon karatu ne. Satina na farko wata tsohuwa ta ce min tana so ta "spend a penny" na ce mata shago yana ƙasa amma an rufe, ashe baiwar Allah fitsari take ji.

Alh_Gwanzu:

Hhhh Anti kin tuna min. Ni ba ma'aikacin lafiya bane ɗan kasuwa ne, shekarata tara ina zirga-zirga Guangzhou, amma na taɓa zama gwajin turancin nas ɗin Chana da jikina. Tsakuwar ƙoda ta kama ni cikin dare a masauki wajen Xiaobei, yaron da ke min tafinta ya tafi garinsu hutun sabuwar shekararsu, haka na je asibiti ni kaɗai ina nishi ina nuna kwiɓi. Gsky aiki kam sun iya, kafin awa biyu an yi hoto an ga tsakuwar an min allura na dawo hayyacina. Wajen ba da magani ne aka samu matsala, yarinyar ta ɗaga kwalin ta ce min "one day three time, one time two". Ni kuma na fassara abina, ranar farko sau uku, daga nan sau ɗaya na kwana biyu. Haka na sha. Sai da yaron ya dawo ya karanta rubutun jikin kwalin ya riƙe baki, ashe kullum sau uku ne, kowane sha ƙwaya biyu, jerin yarensu ta ɗauko ta sa masa kalmomin turanci. Allah ya taimake ni ragewa na yi ba ƙarawa ba.

Amma Malama tambayata, me zai fitar da ita? Mu muna ganin asibitocinsu muna sha'awa, ita kuma tana kashe albashinta don ta je ƙasar da ba rana. Ko da yake kowa ya san inda rufinsa ke yoyo.

Ɗan_Talakawa:

Ni fa duk wannan jarabawar kasuwanci na ɗauke ta. Ku bar ta 'yan Chana ma su da ba da turanci suka yi karatu ba, mu fa? Tun firamare da bulala aka koya mana turanci, WAEC da turanci, jami'a da turanci, rantsuwar kama aiki da turanci, amma nas daga Najeriya sai ta biya maƙudan kuɗi ta tabbatar ta iya. Kuma wai bayan shekara biyu ya lalace, turancin madara ce? Makwabtanmu na Nijar in suka ci DELF ta Faransanci har abada ce ba ta mutuwa. Kawai an samu saniyar tatsa, Chana kuma ita ce babbar saniyar don yawansu.

Likitan_Liaoning:

Ɗan_Talakawa a batun shekara biyun da tsadar ina bayanka, ni ma ta ci min kuɗi. Amma a ce gwajin kansa ba shi da amfani, a'a. A 2008 wani likita ya zo daga Jamus aikin ƙarshen mako a Ingila, a zamansa na farko ya yi wa wani dattijo allurar diamorphine miligiram 100, ninki goma na abin da ya kamata, mutumin ya rasu. Akwai gajiya a ciki akwai rashin sanin maganin, amma bincike ya kuma nuna ya nemi shiga jerin likitoci a wani yanki bai kai makin turancin ba sai ya bi ta wani yankin da ba a matsa ba. Wannan na cikin abin da ya sa a 2014 aka ba GMC ikon duba turancin likitocin Turai ma, da can ba ta da shi. Kaga ba mu da 'yan Chana kaɗai ake yi wa ba.

Kuma mu ma da muka je can ai sai da muka yi HSK, jarabawar Sinanci. Na ci mataki na huɗu ina ta fankama, ranar farko a ɗakin marasa lafiya wani tsoho ya buɗe min baki da karin arewa maso gabas, wlh ko kalma uku ban tsinta ba, nas ce ta tsaya tana maimaita min a hankali kamar yaro. Tun ranar na daina yi wa turancin kowa dariya.

Baban_Zara_Melbourne:

Salam. Taƙaitacce daga nan ɓangaren Ostireliya. OET ɗin ma asalinta nan ce, a ƙarshen shekarun 1980 aka ƙirƙiro ta, Farfesa Tim McNamara na Jami'ar Melbourne ne ya tsara ta, yanzu sana'o'in lafiya 12 take ɗauka. Hukumar rijistar ma'aikatan lafiya ta nan wato AHPRA ta fi ta Ingila yawan ƙofofi, bayan IELTS da OET tana karɓar PTE da TOEFL, kuma a 2025 ta sauko da makin rubutu na IELTS zuwa 6.5, da can 7 ne a duka huɗun. 'Yan Chana da na sani a nan da yawa PTE suka bi don kwamfuta ake yi wa magana ita ke ba da maki, ba idon mutum a kanka, mai kunya ya fi sakewa, sakamako kuma cikin 'yan kwanaki. Sai dai NMC ba ta karɓarta, in ta yi PTE ta rufe wa kanta Ingila. Kuma ni na ga wanda ya ci PTE da hadda ya zo aiki wayar ɗakin marasa lafiya na ƙara yana yin kamar bai ji ba don tsoron ɗauka.

Wani abin da zai ba ku mamaki, nan ko masu maganin gargajiyar Chana, masu tsira allurai da masu haɗa saiwoyi, tun 2012 rijista suke a ƙarƙashin tsari ɗaya da likitoci da nas-nas a faɗin ƙasar, su ma akwai sharaɗin turanci a kansu. Sannan in turancin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai masu juyawa Japan, can N1 ta Japananci ake nema, da yake rubutun ya yi tarayya da nasu sun fi kowa saurin kama shi.

Ummu_Aiman:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Dakta, Anti, na karanta mata amsoshinku ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa. Da na zo wajen turancin bebe ta rufe fuska ta ce ita ce wlh. Alhaji labarinka kuwa ta yi dariya har da riƙe ciki sannan ta yi shiru ta ce ita ma ta taɓa faɗa wa wani baƙo haka sak. Amsar tambayarka kuma ta ce a ɓangarensu marasa lafiyan da ke kan nas ɗaya da dare sun yi yawa, bayanta ya fara ciwo tun ba ta kai talatin ba, kuma tana so ta ga duniya kafin a matsa mata da maganar aure.

Jiya da daddare muka gwada abin da Anti ta ce. Na zama tsohuwa mai hawan jini da ta daina shan magani don wai yana sa ta yawan fitsari. Na ajiye kofi da gyaɗa, duk sanda ta ce he a wurin she ko ta bar aikin jiya a siffar yau sai in jefa ƙwaya ɗaya. Minti biyar na farko abin tausayi, ta miƙe zaune kamar an kira ta ofishin shugaba, ta karanto min illolin hawan jini guda biyar a jere kamar mai tilawa, ko sau ɗaya ba ta tambaye ni me ya sa na daina sha ba, gyaɗa tara a kofi. Ga wani abu da ban taɓa lura ba sai da muka saurari rikodin ɗin, "n" da "l" suna haɗe mata, night ta ce light, ashe 'yan Nanjing haka suke ko a yarensu, sunan garin ma wasu Lanjing suke cewa.

Zagaye na biyu shaiɗan ya raya min wani abu, muna tsaka da magana na dafe ƙirji na yi baya ina numfashi sama-sama. Wlh kafin in ƙifta ido ta cafke wuyan hannuna tana duba agogo, turanci na zubowa ba tsayawa, ina ne ke ciwo, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, tun yaushe, kin taɓa jin irinsa, kalle ni kar ki rufe ido. Ba ta kalli silin ko sau ɗaya ba. Da ta gane wasa nake sai da ta ɗaka min duka a kafaɗa, ta yi fushi na kusan minti goma, amma da na kunna mata muryarta ta saurara sau uku tana cewa wai ita ce wannan.

Ta tsayar da Ingila, ta ce ba za ta yi rijistar komai ba sai bayan wata huɗu. Mamarta har yanzu ba ta san an faɗi na ukun ba, ta roƙe ni kar in yi suɓutar baki in mun je cin abinci.

Anti dan Allah wasiƙar ce ban san yadda zan duba mata ba tunda ni ba fannina bane, in ta rubuta guda biyu zan iya turo miki ta akwatin saƙo ki ɗan ja mata jan biro ko sau ɗaya ne? Asabar tana aikin dare, sai Lahadi da yamma za mu zauna.